Daga Texas zuwa Alaska a kan keke: daɗi da wuyar tafiyar kwana 70

Duk shekara, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wasu ɗaliban Jami'ar Texas da ke birnin Austin a Amurka kan ɗaura hular kwano, su hau kekuna su nufi arewa. Zangonsu na ƙarshe shi ne Anchorage a jihar Alaska, bayan kwana 70 da tafiyar da ta haura mil 4,000, wato sama da kilomita 6,400. Sunan tafiyar Texas 4000, kuma ana yin ta ne don tara kuɗin yaƙi da ciwon daji.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Wani ɗalibin jami'ar ne mai suna Chris Condit, a shekarar 2004. Shi kansa ya yi fama da ciwon dajin da ake kira Hodgkin tun yana yaro, Allah ya ba shi lafiya. Yanzu ayarin kan rabu gida uku: wasu su bi ta yamma, hanyar Sierra, wasu su ratsa duwatsun Rocky, wasu kuma su bi hanyar Ozarks ta tsakiyar ƙasar. Sai sun shiga Kanada suke haɗewa a Whitehorse, babban birnin yankin Yukon, su ƙarasa kwanakin ƙarshe tare.

Me ya haɗa keke da taimako? Ba sai a ba da kuɗin kawai a huta ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ni ma na daɗe ina yi wa kaina ita. Amsar da na gamsu da ita ita ce, mutum ya fi sakin hannu idan ya ga mai roƙonsa ya sa jikinsa a ciki. Idan ɗan ƙanwarka ya ce maka zai yi wata biyu da kwana goma a kan sirdin keke saboda kakarsa da cutar ta ɗauke, da wuya ka ce masa Allah ya ba da sa'a kawai ka wuce. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce kowane ɗalibi ya tara aƙalla dala 4,500 kafin a tashi. Haka kuma ba ranar tafiya ake fara aikin ba. Shiri ne na wata 18, akwai atisayen da ya haura mil 1,000, akwai aikin sa kai a gari, kuma ɗaliban ne da kansu suke tsara hanya, su nemi masauki da abinci. A garuruwan da suka yada zango sukan tara jama'a su yi musu bayani kan rigakafi da amfanin zuwa gwaji da wuri.

Yaya yini guda yake a hanya?

Idan ka raba nisan da kwanakin, kusan kilomita 90 ke nan a kullum, kuma tunda akwai ranakun hutu, ranakun tuƙin sukan fi haka, wata rana ma a haura mil 100. Ana tashi da sassafe, a naɗe shimfiɗa, a loda kaya a mota, a duba iskar taya da birki da sarƙa. Ba a tafiya a dunƙule, ana kasuwa ne ƙungiya-ƙungiya ta mutum kaɗan. Motocin rakiya na ɗauke da ruwa da abinci da kayan gyara, kuma su ɗaliban ne ke karɓa-karɓar tuƙa su. Kwana kuwa duk inda aka samu: ɗakin taron coci, ɗakin wasannin makaranta, gidan wanda ya buɗe musu ƙofa, ko tanti a daji.

Akwai wata dabara da ta sa tafiyar ayari ta fi ta mutum ɗaya sauƙi. Wanda ke gaba shi yake tsaga iska, na bayansa idan ya matso dab da tayarsa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Don haka ake jeruwa, na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya koma baya ya huta, wani ya karɓa. Amma sai da amana, domin tazarar da ke tsakaninka da na gabanka ba ta kai taki ɗaya ba. Idan ya ga rami bai nuna maka da hannu ba, ko ya matse birki ba sanarwa, ku duka za ku sha ƙasa.

Mene ne ya fi wahala?

Mutane sukan zaci hawan dutse ne. Dutse yana da ƙarshe, kana ganin samansa, kuma bayansa akwai gangara. Iskar gaba ce ba ta da ƙarshe. A shimfiɗaɗɗen fili za ta tare ka tun safe har la'asar, kana taka feda kamar mai hawa tudu alhali ƙasa a miƙe take. Ga zafin kudancin Amurka a makonnin farko, ga sanyi da ruwa da sauro idan an yi arewa. Ga gyambon da sirdi ke yi wa mazaunai, wanda ba a cika faɗa ba amma yana hana mutum zama. Ga kuma yunwar da ke kama mai keke farat ɗaya: sukarin da jiki ya adana ya ƙare, ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu. Shi ya sa ake cewa ka ci kafin ka ji yunwa, ka sha kafin ka ji ƙishi.

Sai faci. Taya ta sace a gefen titi, manyan motoci na wucewa suna watso ƙura. Ka kwance ƙafar, ka zaro tub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka ji ɗan tsinken wayar da ya huda ta. Idan ka yi gaggawa ba ka cire shi ba, sabon tub ɗin ma ba zai kai ka ko'ina ba. Abokan tafiyarka na tsaye a rana suna jira, ɗaya ya riƙe keken, ɗaya ya miƙo famfo.

A ganina dai duk waɗannan ba su kai zaman tare wuya ba. Mutum ashirin ko fiye, gajiya ɗaya, abinci ɗaya, ba inda za ka kaɗaita har kwana 70. Mai sauri yana jin ana ɓata masa lokaci, na baya yana jin ya zama kaya. Wani bai wanke tukunya ba, wani ya yi munshari. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai dai a nan wanda kuka saɓa da shi da daddare shi ne zai tare maka iska da safe.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma babbansa mota ce, domin a titi ɗaya ake tafiya da ita. A arewacin Kanada, kan babbar hanyar Alaska da aka gina a 1942, garuruwa sun yi nisa da juna kuma akwai dabbar beyar, don haka ba a kwana da abinci a cikin tanti. Wani lokacin ma abin da ba a yi tsammani ba ne ke tare hanya: a 2020 annobar korona ta hana a yi tafiyar yadda aka saba.

Kuɗin yana isa inda aka ce kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata duk mai bayarwa ya yi, ba tare da jin kunya ba. Irin wannan tafiya tana cin kuɗi: mai, inshora, abinci, gyara. A Amurka kamfanin Pallotta TeamWorks, wanda ya shirya manyan tafiye-tafiyen keke don masu cutar ƙanjamau, ya sha suka kan yawan abin da hidima ke cinyewa, ya kuma rufe a 2002. A ɗaya gefen akwai Pan-Mass Challenge ta jihar Massachusetts, wadda Billy Starr ya fara a 1980. Duk dalar da mahaya suka tara tana tafiya cibiyar ciwon daji ta Dana-Farber, hidima kuma kamfanoni masu ɗaukar nauyi da kuɗin rajista ke biya, kuma a 2024 jimillar abin da ta tara ta haura dala biliyan 1. Ita Texas 4000 tana raba tallafi ga masu bincike da masu kula da marasa lafiya, ciki har da cibiyar ciwon daji ta MD Anderson da ke birnin Houston.

To me ke hana mutum ajiye keken ya koma gida?

Kowace safiya kafin a hau, sukan tsaya a da'ira, kowa ya faɗi sunan wanda zai yi wa tuƙin ranar. Wani mahaifiyarsa, wani malaminsa. Yayin da tafiya ke nisa sunayen ƙaruwa suke, domin matar da ta ba su masauki jiya ta ba su sunan mijinta, mutumin da ya tsayar da su a gidan mai ya ba su na 'yarsa. Wanda ya karɓi irin wannan suna da daddare, da safe zai faɗe shi a gaban 'yan'uwansa, sannan ya ɗaura hularsa ya hau.