Mene ne murhun felet, kuma me ya sa ba a barinsa a tsakar gida da damina?

Kwanan nan mutane na ta tambaya a kan wani murhun gashin nama da ake gani a bidiyoyin Turawa, mai kama da durom a kwance da ƙafafu huɗu da wani akwati a gefe, wasu ma a nan Gombe sun fara sayowa, ko dai ɗan uwa ya aiko musu daga waje ko su tsince shi a kayan gwanjo. Sunansa murhun felet. Shi felet ɗin garin katako ne da aka matse da inji ya fito ƴan guntaye, kamar dai abincin kifin nan da masu kiwon tarwaɗa ke saye a buhu, kaurinsa bai wuce milimita 6 ba. Ba a sa masa gam, zafi da matsi ne ke narkar da wani danƙo da ke cikin itacen shi kansa ya riƙe shi. A riƙe wannan magana, don duk matsalar ajiyar daga nan ta taso.

Wani Ba'amurke ne mai suna Joe Traeger, a jihar Oregon, ya ƙirƙiro murhun a 1985, ya yi masa rijistar mallaka, kuma har 2006 kamfaninsa kaɗai ke da ikon ƙera shi. Da wa'adin ya ƙare sai sauran kamfanoni suka shigo, shi ya sa yanzu za ka ga Pit Boss da Camp Chef da sauransu. Aikinsa kuwa haka yake: ka zuba felet a akwatin gefen nan, a ƙasan akwatin akwai dogon ƙarfe mai murɗiya a cikin bututu da ƙaramar motar lantarki ke juyawa, shi ke tura felet kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko a tsakiyar cikin murhun, a nan hita ke kunna shi, fanka na hura iska, wata ƴar kwamfuta kuma na auna zafi tana ƙara ko rage abin da ake turawa. Kai dai ka saita lamba, daga wajen digiri 80 har zuwa 260, ka je ka yi harkarka. Naman baya taɓa harshen wuta, hayaƙi da zafi ne ke zagaye shi a hankali, wato dai banda ce ake yi da lantarki. Wanda ya san kifin bandar Dadin Kowa ya san ɗanɗanon da ake nema.

To a nan ne mutanenmu ke yin kuskure, suna ɗaukarsa tamkar rabin durom ɗin mai tsire da ake bari a bakin titi shekara da shekaru ruwa ya doke shi rana ta doke shi gobe a zuba gawayi a ci gaba. Wannan kam ba haka yake ba, na'urar lantarki ce mai garin katako a cikinta, kuma ba abin da garin katako ya tsana irin danshi.

Na ga na wani maƙwabcinmu a Tumfure bayan ya yi gashin Babbar Sallah ya bar shi a tsakar gida da sauran felet a ciki, ya yafa masa leda ya ɗora dutse. Da aka zo buɗewa bayan ruwan Agusta, felet ɗin duk ya kumbura ya wargaje ya koma dusa, wanda ke cikin bututun kuma ya sha ruwa ya sake bushewa ya daskare, ƙarfen ko motsi baya yi, motar sai ƙugi kawai. Sai da aka kwance akwatin gaba ɗaya aka yi ta ƙwaƙula da sukundireba kafin ya saki, kuma Allah ya taimake shi motar bata ƙone ba. Abin da ya kamata a gane shi ne ba sai ruwan sama ya shiga kai tsaye ba, laimar iskar Yuli da Agusta ita kaɗai ta isa, a hankali felet ke zuƙarta. Don haka in ka san za ka yi sati biyu ko fiye baka kunna ba, juye akwatin tas, yawancinsu na da ƴar ƙofa a baya ko a ƙasa don haka, sannan ka kunna shi ya ƙone ragowar da ke cikin bututun har ya mutu da kansa. Felet ɗin kuma a zuba a bokiti mai murfi da ke rufuwa gam, a kai ɗaki, a ɗora a kan benci ko katako, kar a ajiye buhun a kan siminti don ƙasa na tsattsafo da sanyi, ga kuma gara da bata raina itace ko na wace ƙasa ne. In kana shakkar ko ya lalace, ɗauki ɗaya ka karya, mai kyau yana da sheƙi kuma zai ɓalle ƙas, wanda ya sha danshi zai murmushe a yatsa.

Sai toka. Mutane na raina ta amma tokar da aka bari a kaskon wutar tana jan danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfe, daga nan tsatsa ke farawa, kuma hitar na nan a wurin kwance cikinta. A bari ya huce sarai a kwashe. Maiƙon da ya taru a faranti da ɗan bokitin da ke rataye a gefe shi ma a goge, in ba haka ba ɓeraye za su tare a ciki, kuma ɓera in ya gama da kitse wayoyi yake komawa. Ragar gashin a wanke a busar a shafa mata man gyaɗa kaɗan. Don Allah kar a sa masa tiyo ko a sheƙa masa bokitin ruwa da sunan wanki, tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.

Maganar rufi kuma ni dai a ganina rumfa ta fi riga muhimmanci. Rigarsa ta asali, wadda aka ɗinka daidai jikinsa da yadi mai kauri, tana da kyau ƙwarai, in babu ma masu ɗinkin tampol da kujerun mota za su iya ɗinka maka in ka kai musu awo, sai dai ka ce su bar ƙasan a buɗe iska na shiga. Leda ce bana so sam, don da rana ta buga sai ta yi gumi daga ciki, ruwan ya dinga ɗiga kan ƙarfen da allon kwamfutar, kai kana ganin ka rufe ashe ka jiƙa ne. Kuma ruwanmu na farkon damina da iska yake zuwa, a karkace yake bugowa, wani sa'in ya yaye rufin ya ma kifar da abin, saboda haka a samu baranda ko gareji ko rumfar kwano, a jingina shi kusa da bango, a ɗaure rigar da igiya. In tsakar gidanka na tara ruwa, kamar yadda unguwanni da yawa a garin nan ke fama, ɗora ƙafafun a kan bulo. Amma ajiya ce kawai ake yi a gareji, kunnawa sai a waje, don hayaƙinsa na ɗauke da iskar nan mai kisa da bata da wari, irin ta janareto. Kuma kar a rufe shi da zafinsa.

Da hunturu babu ruwa amma ga ƙura, tana shiga fanka da allon ta toshe, rigar dai ita ce maganin, sai a ɗan bi shi da buroshi kafin a kunna. Zafin Maris da Afrilu kuwa, da ke kai digiri 40, fenti yake ci da roba da gilashin allon, inuwa kawai yake so. A leƙa bututun hayaƙin ma lokaci-lokaci, zanzaro na son yin gini a ciki.

Wutar lantarki kuma a kula, wanda aka sayo daga Amurka na bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, in ka soka kai tsaye ka ƙona allon nan take, sai da tiransifomar rage wuta. Baya cin wuta sosai, wajen wat 300 a mintunan farko da hita ke aiki, daga nan ya sauko kusan 50, ƙaramar inbata ma ta riƙe shi, kuma gara a sa shi a inbatar, don in an kashe shi fankar na ci gaba da juyawa na wasu mintuna har wutar kaskon ta cinye, in nefa ta ɗauke a tsakiyar haka wutar kan iya bin bututu ta nufi akwatin felet. Bayan ya gama ya huce sai a zare soket, a naɗe wayar a ɗaga ta daga ƙasa, musamman lokacin tsawa.