PSI, bar da kPa: yadda ake juya ma'aunin iskar taya da na ruwa

Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce 220 kPa, gejin mai faci kuwa PSI yake nunawa. Nawa zan ce ya sa?

Ka ce ya sa 32. PSI ma'aunin Amurka da Ingila ne, nauyin fam guda a kan murabba'in inci guda. Shi kuwa kPa na tsarin mita ne, an samo sunansa daga Blaise Pascal, masanin nan na Faransa. PSI 1 daidai yake da kPa 6.895, saboda haka in ka raba 220 da 6.9 za ka sami 31.9. In daga PSI za ka koma kPa, sai ka ninka da 6.9.

In da bar aka rubuta fa?

Bar 1 kPa 100 ne cif, a PSI kuma 14.5. Wato bar 2.2 PSI 32 ne, bar 2.4 kuma 35. Wasu tsofaffin motocin Japan suna zuwa da kgf/cm², wato nauyin kilo guda a kan murabba'in santimita guda, wanda guda ɗayansa PSI 14.2 ne. A harkar taya ka ɗauke shi kamar bar, bambancin bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba.

A ina aka fi yin kuskure?

Na farko a fuskar geji. Yawancinsu layi biyu ne na lambobi, ɗaya a waje ɗaya a ciki, sai ka duba harafin da ke jikin kowane layi kafin ka karanta allura. Na biyu ya fi damun mu: a gefen taya akwai rubutu irin 300 kPa (44 PSI), mutane suna ɗauka shi ne abin da za a sa. Wannan iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ne. Adadin da ya dace da motarka yana bakin ƙofa ko cikin littafin mota. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya ne ke cinyewa, riƙon kwalta ya ragu. In ta yi kaɗan, gefen taya yana lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta fashe a guje.

Na taso daga Bauchi da 32, na iso Gombe geji ya nuna 36. In rage?

Kada ka taɓa. Zafi ne ya kumbura iskar. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Selshiyos yana ƙara kusan PSI 1, ga kuma ranar watan Afrilu a kwaltar Alkaleri. In ka sauke zuwa 32 tana da zafi, gobe da asuba 28 za ka tarar. A auna da sassafe, ko bayan mota ta huta awa uku.

Lissafin yana aiki a famfon rijiyar burtsatse?

Ƙwarai. Tsawon ruwa na mita 10 yana ba da kusan bar 1. Tankin da saman ruwansa ya ɗara kan famfo da mita 6 zai ba ka bar 0.6, kimanin PSI 8.5, komai faɗin tankin. Injin tura ruwa da aka rubuta yana kai ruwa tsawon mita 50 kuwa iyakarsa bar 4.9 ne, PSI 71, don haka ka duba lambar ƙarfin ruwa da ke jikin bututu kafin ka saya, ta wuce wannan.