Haɗa buƙatun bayanai a manhajar intanet

Haɗa buƙatun bayanai dabara ce ta masu rubuta manhaja, inda sashe ɗaya na shafin intanet ke aika buƙatu da yawa zuwa saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai) a lokaci guda, ya tattara amsoshin, sannan ya nuna su. Burauza ba ta tsayawa jiran amsa. Tana aikawa ta ci gaba da aikinta.

A ɗauki manhajar wani ɗan kasuwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana. Shafi ɗaya na neman farashin kaya, da abin da ya rage a sito, da kuɗin da suka shigo ta MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya. In kowace buƙata na cin daƙiƙa 1 aka jera su bi da bi, daƙiƙa 3 ke nan. In aka tura su tare, jiran bai wuce na wadda ta fi nawa ba.

A harshen JavaScript, aikin ya sauƙaƙa a 2015 da zuwan Promise, wato alkawarin amsar da ba ta iso ba tukuna. Promise.all na karɓar jerin alkawura ya dawo da amsoshi bisa tsarin da aka ba shi, ko da ta ƙarshe ce ta fara isowa. A 2017 aka ƙara async da await, kalmomin da ke sauƙaƙa rubuta jiran alkawura.

Matsalar tana wajen gazawa. Buƙata ɗaya ta faɗi, Promise.all ya watsar da duka, sauran kuwa suna can suna cin data, domin ba ya soke su. Don soke su, sai an yi amfani da AbortController, abin da ke katse buƙata. Ɗan kasuwan nan zai rasa ganin farashi don kawai bayanin MoMo bai zo ba, wanda ba daidai ba ne. Shi ya sa a 2020 aka kawo Promise.allSettled, mai jiran duka su kammala sannan ya bayyana wadda ta yi nasara da wadda ta gaza.

Masu aiki da Angular, tsarin gina manhajar intanet na Google, sun fi sabawa da forkJoin na RxJS, wani kundin kayan aikin JavaScript. Shi kuma sai kowace buƙata ta kammala yake fitar da amsa, don haka in akwai wadda ba ta ƙarewa, shafin zai zauna wayam. Ga bayanan da ke canzawa, combineLatest ake amfani da shi.

Ba a haɗa buƙatar da ta dogara da amsar wata. Sai an san lambar mai saye kafin a nemi bashin da ake bin sa.