Suna Linzami: Waiwaye Kan Asali da Rabon Mutum a Rayuwa

Tun da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yunin 2023 cewa jami'o'i su daina duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, wata tsohuwar gardama ta sake tashi. A shekarar ce kuma jihar Bihar ta Indiya ta fitar da ƙidayar rukunonin gado da ake haifar mutane a cikinsu, can ma aka kaure da muhawara. Ɓangare ɗaya na cewa zamanin wariya ya wuce, doka ta daidaita kowa, wanda aka bari a baya ya tuhumi ƙwazonsa. Ɗaya ɓangaren na cewa har yanzu launi da addini da ƙabila da jinsi ne ke yanke wa mutum rabo tun kafin ya buɗe baki. Ana ta jayayyar kamar ba a taɓa auna lamarin ba, alhali an auna shi fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Tarihin da kowa ya sani gajere ne. Faransa ta shelanta a 1789 cewa an haifi mutane 'yantattu masu haƙƙi iri ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta maimaita haka a 1948. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ɗaukar wasu a matsayin waɗanda ba a taɓawa, Amurka ta yi dokar 'yancin jama'a a 1964, Afirka ta Kudu ta binne mulkin wariya a 1994. Duk waɗannan sun cire shingen da ido ke gani, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai sun bar tambaya guda: idan an sauke allon da ke cewa "ba mu son irinku", ta yaya za a gane ko ƙofar ta buɗe?

Amsar ta fito ne daga Ingila a 1967, a wani aiki da ba kasafai ake tunawa da shi ba. A lokacin, dokar 1965 ta hana wariya a wuraren taruwar jama'a kamar otel da gidan abinci, amma ba ta shafi aiki da haya ba. Baƙi daga yankin Karibiyan da Indiya da Pakistan na kukan ana juya musu baya. Ana ba su amsa cewa matsalar Turancinsu ne, ko takardunsu na waje, ko rashin sanin ƙasa. Magana ce ta wannan ya ce, wancan ya ce.

Sai wata cibiyar bincike da ake kira PEP ta yi abin da ya sauya tafiyar. Ta shirya mutum uku: baƙar fata ɗaya, Bature ɗan ƙasar Hungari, da Bature ɗan Ingila. Aka daidaita musu shekaru da ƙwarewa da abin da za su faɗa. Aka riƙa tura su wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, neman aiki ko ɗakin haya ko inshorar mota. Baƙar fatan ya shiga, a ce masa babu gurbi, an riga an ɗauka. Jim kaɗan ɗan Ingila ya shiga ofishin nan, ya tarar da ma'aikacin da ya ce babu gurbi, sai ga gurbi ya samu.

Hikimar aikin tana cikin ɗan Hungari. Shi ma baƙo ne, harshensa na nuna ba a nan aka haife shi ba. Da baƙunta ce matsalar, da shi da baƙar fatan sun sha kora iri ɗaya. Amma abin da ya same shi bai kama ƙafar abin da ya sami baƙar fatan ba. Nan hujjar Turanci da takardu ta faɗi. Binciken ya kuma nuna abu biyu da har yau suke sosa rai. Baƙin da suka fi ilimi da ƙwarewa su ne suka fi ba da labarin wariya, domin su ne ke neman guraben da ake tsarewa. Sannan wariyar da gwajin ya gano ta zarce wadda baƙin kansu suke zato. Wanda aka ce wa "ka yi haƙuri, an cike" cikin fara'a, komawa gida yake yi ya yarda an cike ɗin. Ba ya nan lokacin da na bayansa ya shiga.

A 1968 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da aiki da gidaje. Amma gadon da ya fi daɗewa shi ne dabarar kanta. Ba a jima ba aka gane ba sai an tura mutum ba, wasiƙa ma ta isa: takardar neman aiki iri ɗaya, a sauya suna kawai.

Tun daga nan sakamakon bai daina maimaita kansa ba. A binciken Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan da aka buga a 2004, an aika takardu kusan 5,000 a biranen Boston da Chicago. Masu suna irin Emily da Greg sun sami kira da ya ɗara na masu suna irin Lakisha da Jamal da kashi 50 cikin 100, kuma kyautata takarda ya fi amfanar masu sunan farare. A Indiya, gwajin Sukhadeo Thorat da Paul Attewell na 2007 ya nuna sunan Dalit (rukunin da a da ake ɗauka a matsayin waɗanda ba a taɓawa) da na Musulmi na rage damar samun kira a kamfanoni masu zaman kansu. A Faransa an gwada mata biyu na takarda masu sunan mahaifi ɗaya na Senegal, Marie Diouf da Khadija Diouf. Kiran da Marie ta samu ya ninka na Khadija sau biyu da rabi. A Birtaniya kuwa, inda aka fara, binciken kwalejin Nuffield ta Oxford ya nuna a 2019 cewa mai asalin Najeriya sai ya aika takardu da suka ɗara na Baturen ƙasar da kashi 80 cikin 100 kafin ya sami amsa daidai da tasa.

A ganina, abin da ke ɓata muhawarar yau shi ne neman mugu guda da za a nuna da yatsa. Mafi yawan masu tace takardun nan ba su ɗauki kansu masu ƙiyayya ba. Mutum ne da tulin takardu a gabansa da ɗan lokaci kaɗan, idonsa ya tsaya kan sunan da ya saba da shi, ya ce "wannan zai fi dacewa da mu". Hukunci ne ƙarami. Sai dai wanda aka tsallake zai ƙara wata uku ko shida yana zaune, ya karɓi aikin da bai kai iliminsa ba, albashin nan ya zaɓar masa unguwa, unguwa ta zaɓar wa 'ya'yansa makaranta. Bayan shekara ashirin a dubi gidan biyu a ce bambancin ƙwazo ne. Ƙwazo na da tasiri, babu mai musu. Gwaje-gwajen sun riƙe shi daidai ne da gangan, amma gibin bai tafi ba.

Akwai kuma ɓarnar da ke shiga zuciya. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, Karla Hoff da Priyanka Pandey sun ba yara maza 'yan makaranta wasan gano hanya a takarda, ana biyansu kan kowane da suka warware. Da ba a ambaci asalin kowa ba, yaran rukunin ƙasa da na sama sun yi kunnen doki. Da aka kira sunan kowane yaro da rukuninsa a gaban sauran kafin a fara, sai ƙoƙarin yaran rukunin ƙasa ya faɗi, alhali wasan bai sauya ba, ladan ma bai sauya ba.