Shin Ƙa'ida Ta Hana Wuce Awa 48 da Maganin Barci a Sashen Kulawa ta Musamman?

Wata magana tana yawo a bakin masu jinya a Zariya, daga Shika har cikin gari: wai doka ta hana a riƙe mara lafiya da maganin barci ta jijiya fiye da kwana biyu, in an wuce haka ba zai farka ba. Har wasu kan matsa wa likita ya tsayar. Ba haka ƙa'idar take ba.

Awa 48 ɗin nan ta furofofol ce, farin maganin nan mai kama da madara, kuma tare take tafiya da yawan abin da ake zubawa. Sharaɗin shi ne kada a wuce miligiram 4 kan kowane kilo na nauyin mutum a awa guda, musamman in za a zarce awa 48. Mai kilo 60 ke nan miligiram 240 a awa, wato mililita 24 na ruwan mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Wanda ake ba ƙasa da haka yana iya yin kwanaki a kai, muddin ana sa ido.

Abin da ake gudu ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. Maganin in ya yi yawa ya daɗe, yakan hana jiki sarrafa kitse ya zama ƙarfi. Sai tsoka ta fara lalacewa, jini ya yi tsami, sinadarin fotasiyam na cikin jini ya hau, ƙoda ta gaza, bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa ake ta ɗibar jini ana aunawa, da an ga alama a sauya magani. In kuma kun ga nas tana cire kwalba da robarta alhali da saura, ba ɓarna ba ce: duk awa 12 ake canza su, don ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa a cikin kitsen maganin.

Yara 'yan shekara 16 zuwa ƙasa kam, a Ingila ba a yarda a riƙe su da furofofol a sashen kulawa ta musamman ba. Masu cewa iyakar awa 24 ce kuwa, ta wani maganin barcin mai suna deksmedetomidin suka ji, wa'adin da Amurka ta sa masa a 1999.

Midazolam, wani maganin barcin da ake bayarwa ta jijiya, yakan taru a jiki, musamman in ƙoda ko hanta ta raunana, sai mutum ya yi kwanaki bai farfaɗo sosai ba bayan an daina. Jinkiri ne wannan, ba lallai ƙwaƙwalwa ce ta taɓu ba. Wanda kuma ya haura mako a kai, in aka yanke masa farat ɗaya sai karkarwa, zufa, firgita, wani har da farfaɗiya, ko ya fizge bututun numfashinsa. A hankali ake ragewa. Kullum ma akan sassauta ko a dakatar na ɗan lokaci a ga ko zai buɗe ido ya matse hannu, in yanayinsa ya ba da dama.

A ganina ƙa'idar ta yi daidai, sai dai nauyinta a kan talaka yake sauka, domin gwajin jini da kuɗi ake yi, kuma shi ne farkon abin da dangi kan so a ɗaga in aljihu ya yi sanyi. Kada a ɗaga shi. Mai jinya ya tambayi likita wane magani ake bayarwa, nawa a awa, yaushe aka auna jini na ƙarshe, kuma ko an gwada sassautawa yau.