Shin Babbar Ambaliya Ba Ta Dawowa Da Wuri?

An daɗe ana cewa idan babbar ambaliya ta ci gari, ba za a sake ganin irinta ba sai bayan shekaru masu yawa, don haka a mayar da gini inda ya rushe. Ana jin wannan magana a garuruwan bakin kogi, daga Yawuri har Argungu, kuma masu faɗinta sun ga damina da dama da ta wuce lami lafiya.

Sai dai ruwa ba ya ƙirga shekaru. Abin da masana ke kira ambaliyar shekara 100 yana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, ko da ta auku bara, kuma gidan da zai yi shekara 30 a irin wannan wuri, yiwuwar ta same shi ta kai kusan kashi 26. Birnin New Orleans na Amurka, wanda wani sashensa ke ƙasa da matakin teku, ya sha ambaliya a 1965, aka ƙarfafa shingayensa, amma a 2005 ruwa ya fasa su ya mamaye kusan kashi 80 na birnin.

Kafin a aza tubali, a tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa, a duba sawunsa a jikin tsofaffin katangu da bishiyoyi. Ƙasa mai laka da ke tsagewa da rani sau da yawa fadama ce, gara a bar ta wa shinkafa a hau tudu, ko a ɗaga harsashi sosai.

Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan uwa masu shirin gini.