Sauyin yanayi a gaban alƙalai: me kotunan Strasbourg da Hague suka ce?

Wace shari'a ce ta fara jan hankali?

Ta wasu dattawan mata ce a Suwizalan, su sama da 2,000, galibinsu sun haura shekara 70. Sun kai ƙarar gwamnatinsu suna cewa zafin da ke ƙaruwa kowace shekara yana barazana ga lafiyarsu, ita kuwa ba ta yin abin a zo a gani wajen rage hayaƙi. Kotunan gida suka yi watsi da ƙarar, sai suka garzaya Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a Faransa. Ranar 9 ga Afrilu 2024, alƙalai 16 cikin 17 suka ce Suwizalan ta saɓa sashe na 8 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wanda ke kare rayuwar mutum ta ƙashin kansa da ta iyalinsa. Wannan ne karo na farko da kotun ta kama wata ƙasa da laifin sakaci kan yanayi.

Kotun Tarayyar Turai ce ke nan?

A'a. Waccan tana Luxembourg. Ta Strasbourg tana ƙarƙashin Majalisar Turai (Council of Europe), wata ƙungiya dabam da Tarayyar Turai, mai ƙasashe 46, ciki har da Birtaniya da Turkiyya.

Duk wanda ya kai ƙara ya yi nasara?

Ba haka ba. A ranar ce kotun ta ƙi karɓar ƙarar matasa 6 'yan Fotugal da suka haɗa ƙasashe 32 a takarda guda, musamman don ba su fara bi ta kotunan ƙasarsu ba. Ni dai na ji musu, domin su ne za su fi daɗewa cikin wannan zafin.

To me ya faru a Hague?

A nan a lura: ana kiran kotuna biyu da ke birnin Hague na ƙasar Holan da sunan Kotun Duniya. Ba mai hukunta masu manyan laifuka nake nufi ba, ina nufin wadda ke raba gardama tsakanin ƙasashe. Ɗalibai masu karatun lauya a Vanuatu, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, su suka tada maganar a 2019. Gwamnatinsu ta ɗauka, har Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ra'ayin kotun a Maris 2023. Ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka yi magana da murya ɗaya: kare yanayi wajibi ne a dokar duniya, kuma ƙasar da ta yi sakaci ana iya neman diyya a wurinta idan an tabbatar cewa sakacinta ne ya jawo ɓarnar. Sun ambaci haƙar man fetur, da ba da lasisin bincikensa, da tallafinsa a cikin abubuwan da za su iya zama laifi.

Za a iya tilasta wa ƙasashe bi?

Ra'ayin Hague ya fi kama da fatawa, ba hukuncin da ake zartarwa ba ne, amma lauyoyi za su riƙa kafa hujja da shi a kotunan gida. Na Strasbourg kuwa dole ne a bi, duk da haka majalisar dokokin Suwizalan ta nuna turjiya a Yunin 2024. Wannan ya dame ni ƙwarai, ganin ƙasa ce mai alfahari da bin doka.

Ina ruwanmu a nan?

Najeriya da Nijar da Chadi duk suna haƙo mai, kuma duk suna fama da ambaliya da fari, don haka maganar ta shafe su ta fuska biyu. Tarayyar Afirka ma ta gabatar da bayani a Hague a Disambar 2024. A Mayun 2025 kuma ƙungiyar lauyoyin Afirka ta nemi Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da nata ra'ayin kan wajibin ƙasashen nahiyar.